Kifin da Baba Ya Ce Kar A Ci

Ina tsugune a gaban roba, da cokalin shayi a bakin kifi, wayata ta yi ƙara. Ranar Juma'a ce da hantsi, ranar da ba na fita aiki. Na ga ƙanwata ce daga Yawuri. Hannuna na dama duk ƙarni, sai na ɗauka da hagu na maƙale wayar a kafaɗa. Ban saki cokalin ba, domin bakin ya fara buɗewa.

Ta ce, "Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika."

Na yi salati. Na tambaye ta yaushe. Ta ce bayan sallar asuba ya koma ya kishingiɗa, da aka kai masa koko aka tarar rai ya yi halinsa. Za a kai shi kafin a tafi masallaci. Ta yi kuka, na ba ta haƙuri, ita ma ta ba ni. Ba mu yi maganar zuwana ba. Mun san ko da jirgi yana jirana a ƙofar ɗaki ba zan riski jana'iza ba, balle ga takardar fita da sai kafili, mai gidan da nake wa aiki, ya sa hannu.

Da ta kashe wayar na duba, ashe har lokacin ina riƙe da cokalin. Kifin yana kallona da ido ɗaya, ido babba kamar murfin kwalbar lemo. Ban san abin da zan yi da shi ba. Na ɗauke shi yadda yake, da cokalin a baki, na mayar da shi firiza na rufe. Sannan na wanke hannu na yi alwala.

Sai na faɗi yadda aka yi kifin ya zo hannuna, da abin da ya haɗa shi da Baba.

Ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba, kuma bai taɓa zaunar da ni ya yi hira da ni ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanenmu. Masunci ne, a kogin Kwara ya ƙare ƙarfinsa. Idan zai koya wa ƙannena ɗinkin taru ko sunayen kifi, ni a bayansu nake tsayawa ina leƙe, shi kuma yana ɗaga murya kaɗan don ta iso inda nake. Da haka na koyi ɗan abin da na koya.

Da na zo Riyad tuƙi a gidan wasu Larabawa, waya tsakanina da shi ta zama wahala. In gaishe shi, ya amsa, mu yi shiru, sai in ji ya miƙa wa ƙanwata. Wata rana na kai uwar gidan da nake wa aiki sayen kifi, na ga wani ja mai ƙaton leɓe, na ɗauki hotonsa na tura wa ƙanwata don ta yi dariya. Da yamma saƙon murya ya shigo. Muryar Baba ce, amma ba da ni yake ba, da ita yake.

"Ki gaya wa na Makka wannan ɗan uwan karfasa ne. Arziki ya yi, shi ya sa ya yi ja."

Na Makka ni ne. Ban taɓa zama a Makka ba, tsakaninta da Riyad tafiya ce mai nisa, amma a wurin Baba duk ƙasar nan Makka ce, kuma sunan ya sauƙaƙa masa.

Daga nan abin ya zama hirarmu. In na ga baƙon kifi in tura hoto, shi kuma ya nemo masa dangi a Kwara. Bai taɓa ganin teku ba, amma ba kifin tekun da ya bari maraya. Wannan kawun kurungu ne. Wancan giwan ruwa ne da bai sami tarbiyya ba. Wani lokaci ya ce a juya masa kifin, a nuna ciki, a nuna wutsiya, ni kuma in tsaya a gaban mai kifi ina jujjuya abin da ba zan saya ba. A cikin waɗannan saƙonni ne na san lafiyarsa. In murya ta yi ƙarfi na san ya ci abinci. In ya yi tari kafin ya yanke hukunci na san sanyi ya shigo.

Shi wannan kifin ba daga kasuwa ya fito ba. Ɗan kafilina yana karatu a Kanada, can ya koyi kamun kifi da ƙugiya. Da ya zo hutu ya taho wa mahaifiyarsa, wato uwar gidan, da kifi guda a cikin ƙanƙara, wai shi ne na farko da ya kama da hannunsa a wani kogi. Ta rungume shi, ta yi masa addu'a, ta sa aka kai firiza. Washegari da ya fita ta kira ni kicin, ta nuna ledar da yatsa daga nesa.

Ta ce, "Abin nan duk lokacin da na buɗe sai ya kalle ni. Fitar min da shi. In yaron ya tambaya, na ci, kuma ya yi daɗi."

Fitarwa ta ce, na fitar. Na kai shi ɗakinmu a unguwar Gubaira.

Tsawonsa daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, faɗi gare shi amma ba kauri, jikinsa fari fat yana ƙyalli kamar sabon kwanon silba. Sai idon. Na ɗauki hoto ta kowane gefe na tura. A karon farko amsa ba ta zo a ranar ba. Da ta zo, rabin saƙon shiru ne da kukan kaji a tsakar gida. Can Baba ya yi gyaran murya.

"Ba kawara ba ne. Kawara tana da ɗan ƙaramin fiffike kusa da wutsiya, wannan ba shi da shi. Ba tsage ba ne. Na ruwan daɗi ne dai, kuma a sama yake kiwo, dubi inda bakinsa ya kalla." Sannan ya ce, "Ki ce wa na Makka ya buɗe bakinsa ya ɗauko min harshen. Kuma kar a ci shi sai na faɗi ko ɗan wane ne."

Kifin kuwa ya daskare kamar guduma. Shi ya sa ranar Juma'a na sa shi a ruwa ya saki, na kawo cokali.

Mu shida ne a ɗakin, a saman wani shagon kafintoci. Babbanmu wani dattijo ne mutumin Damagaram, mai walda, muna ce masa Kawu. Shi ke dafa abinci, shi ke raba faɗa, firji ma a ƙarƙashin ikonsa yake. Sai wani Bakano mai kai saƙon abinci a mota, wanda shi da Kawu ba sa wuni ba su tsokani juna ba. Bayan sallar Juma'a labari ya bazu, 'yan uwa suka fara hawowa ta'aziyya, takalma suka cika matakala. Kowa ya zauna ya yi addu'a, a shafa, ya ce Allah ya sa ya huta. Ina amsawa. Ban yi kuka ba, ban kuma ji zai zo ba.

Wani baƙo ya nemi ruwan sanyi. Bakano ya buɗe firiza zai ciro ƙanƙara, ya tsaya.

Ya ce, "Kawu, akwai wani a nan yana shan shayi."

Kawu ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Ya juyo wurina a hankali, kamar mai tsoron kar abin ya taɓa min kai. Dole na yi bayani a gaban mutane, na kuma kunna musu saƙon. Ɗakin ya yi tsit ana jin muryar mamaci da kajinsa. Da ya ƙare wani ya ce Allahu Akbar a hankali. Sannan wani ya ce a miƙo kifin ya gani.

Haka ta'aziyyar ta koma. Mutum ya shigo, ya yi addu'a, a shafa, sai a miƙa masa kifi a faranti. Wani ɗan Maraɗi ya ce kawara ce, ya sha kamunta a Madarunfa. Aka ce masa mamaci ya riga ya kore wannan. Ya ce to ya janye, Allah ya jiƙansa. Wani ya ce faliya ce da ta yi jinya. Wani dattijo da ya yi shekaru yana gadi a unguwar Dira bai ce komai a kan kifin ba, cokalin ya tambaya, ko da shi aka kamo shi.

Da mutane suka ragu Bakano ya matso kusa da ni.

Ya ce, "Ɗan masunta, ga shawara. A soya shi ranar sadakar uku, kowa ya ɗanɗana, ladan ya tafi wa tsoho. Ka ga an huta."

Kawu ya ce, "Kai Bakano, ko gawa ka gani sai ka tambayi ko da yaji. Ba ka ji abin da mutumin ya ce ba? Kar a ci sai ya faɗa."

"To ai ba zai faɗa ba, Kawu."

"To ba za a ci ba."

"Har yaushe?"

"Har ya faɗa."

Bakano ya dubi silin. Ya ce shi dai ba malami ba ne, amma bai taɓa jin an bar wasiyya a kan kifi ba. Kawu ya ce ba a taɓa ji ba domin Kanawa ba sa barin kifi ya kai lokacin wasiyya. Suka juyo gare ni. Na ce ni ban san ko wasiyya ce ba. Abin da na sani, a duk rayuwata wannan ne aikin ƙarshe da ya sa ni, kuma ban gama ba. Bakano ya ce to ko cokalin a ba shi, domin dama cokulan ɗakin ba su ishe mu ba. Aka ja, ya ƙi fita. Ya daskare a ciki.

Na sa a raina in na samo sunan kifin a wurin waɗanda suka san shi, wataƙila zan gane abin da Baba yake nema a bakinsa. Mutum ɗaya ne a Riyad na tabbata ya san sunan, shi ne wanda ya kamo shi. Shi kuwa a saninsa kifin yana cikin mahaifiyarsa. In na tambaye shi da hoto a hannu na tona mata asiri, in na tona mata asiri aikina ya zama abin da ya zama. Sai na fara da kasuwa.

Na naɗe shi a tawul na kai wa masu kifi a kasuwar Utaiƙa. Na farko ɗan Bangladash ne. Ya karɓa da hannu biyu, fuskarsa ta yi haske, ya ce kamar wani kifin ƙasarsu da ake ci da shinkafa ranar biki. Ya duba da kyau, hasken ya tafi, ya ce ba shi ba ne, nasu idonsa bai kai haka rashin kunya ba. Na biyu Bamisire ne. Bai tsaya jin bayanina ba, ya ɗora shi a katako ya ɗaga wuƙa yana tambaya soyawa ko gashi. Da ƙyar na ƙwace. Na uku ya kira maƙwabtansa, suka kewaye ni. Ba wanda ya kalli fiffike ko wutsiya. Cokalin suke kallo. Ɗaya ya tambaye ni a hankali ko aikin asiri ne, in haka ne in fita masa daga shago. Na ce amanar mahaifina ce. Ya ce Allah ya ba shi lafiya. Na ce ya rasu. Ya ce to Allah ya ba ni lafiya.

Kifin da aka narkar aka mayar, aka fitar aka zagaya da shi kasuwa aka sake mayarwa, ba ya zama lafiya da maƙwabtansa. Ruwan sanyinmu ya fara ƙarni. Burodi ya ɗauka. Wata safiya Bakano ya kurɓi shayi ya ajiye kofin.

Ya ce, "Kawu, an ce kar a ci. To mu fa shansa muke yi."

Kawu ya shinshina nasa kofin. Ya ce, "Ɗana, ina bayanka. Amma tsohonka bai ce a ajiye shi kusa da madara ba."

Na sayi ƙaramar kula. Ba inda zan bar ta a ɗaki da rana ƙanƙarar ta kai yamma, ga zafin da ake yi a lokacin, wanda in ka taɓa ƙofar mota sai ka yi salati. Sai na sa kular a but ɗin motar aiki, ina tsayawa a baƙala, wato kantin unguwa, ina canza ƙanƙara duk lokacin da na sami sarari. Haka kifin ya koma gidan da aka kore shi, yana raka uwar gida asibiti da gidan ƙawaye da wurin tela. Ta fara toshe hanci da gefen mayafi. Ta sa aka kawo kasko aka turara motar da turaren wuta mai tsada, sai motar ta koma warin kifin da zai je ɗaurin aure. A ƙarshe ta ɗora laifin a kan takalman ƙwallon ɗanta.

Hutun yaron ya ƙare, aka ce in kai shi filin jirgi. Na buɗe but zan sa akwatuna, ya ga kular ya tambayi mene ne a ciki. Na ce amanar tsohona ce. Ya ɗora hannu a ƙirji ya yi masa addu'a, ya kuma gyara akwatinsa da kansa don kar ya danne ta. Yaro ne mai ladabi. Ammi yake ce min, wato kawu, kuma a gaba yake zama.

Mun hau babban titi na tattaro Larabcina na direba na ce, mahaifina masunci ne, ina son jin labarin kifin da ya kawo wa mahaifiyarsa. Kamar jira yake. Ya ciro waya ya nuna min hotonsa a bakin wani kogi mai ruwa garau, yana dariya, yana riƙe da abin da ke kwance a bayanmu.

Ya ce, "Ummi ta ce ba ta taɓa cin kifi mai daɗinsa ba. Na yi mamaki, ammi. Mutanen can ba su cika cinsa ba, ƙaya ce da shi, naman kuma ba ƙarfi. Yawanci mayar da shi ruwa suke yi."

Na ce uwa ba ta jin ƙaya a abin da ɗanta ya kawo. Na tambayi sunansa.

Ya faɗa da Turanci, mooneye. Ya fassara min da Larabci, ni kuma na fassara wa kaina: mai idon wata. Ya ce a koguna da tafkunan can kawai yake, ba ya son ruwa mai laka, kuma da yamma yake tasowa sama yana cafke ƙwarin da suka faɗo. Na ce a raina, a sama yake kiwo. Ya ce ko a can ba kowa ya san shi ba, wasu in sun kama sai su ɗauka wani kifin ne daban.

Ya ci gaba, "Amma gaskiya ban tabbata ba. Yana da ɗan uwa, kamarsu ɗaya, shi ana ce masa mai idon zinariya. Ana bambanta su da fiffiken baya. In ya fara gaba da fiffiken ƙasa na kusa da wutsiya, mai idon wata ne. In ya fara daidai da shi ko baya, ɗayan ne." Ya buɗe hoton da yatsu biyu. Hannunsa ya rufe daidai wurin. Ya yi dariya. "To an riga an cinye. Ba za mu taɓa sani ba."

Na ce Allah ne masani. Muka hau wani ɗan tudu a titin, na ji ƙanƙara ta motsa a but.

Ya ce, "Ka san abin mamakinsa? Haƙora gare shi a kan harshe. Da zan cire ƙugiya sai da ya yanke ni."

Ban san na taka birki ba sai da na bayanmu ya danna hon. Yaron ya dafa gaban mota ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya, wani abu ne ya shiga idona. Ya miƙo min tishu. Da na sauke masa kaya a filin jirgi ya rungume ni, ya sake yi wa Baba addu'a, ya ce in hutu ya zagayo zai kawo wa mahaifiyarsa guda biyar tunda tana so.

Da na koma Gubaira na buɗe kular a gaban Kawu. Ya duba, ya matsa cikin kifin da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba.

Ya ce, "Wannan ba zai ƙara kwana biyu ba. Ko a ci, ko a binne, ko a kyafe."

Na ce a kyafe. Banda ba ci ba ce.

Bakano ya ce daga kan katifarsa, "Banda share fagen ci ce." Kawu ya ce in ya kusanci kifin nan zai yi masa walda a baki.

Ranar Juma'a da safe muka hau rufin bene. Kawu ya yanko rabin ganga daga wurin aikinsa ya ɗora mata raga, kafintocin ƙasa suka ba mu garin katako. Duk 'yan ɗakin suka hawo, har waɗanda suka yi aikin dare. Na sa kifin a roba, irin zaman da na yi ranar da aka kira ni. Na kwantar da shi na bi bayansa da yatsa. Fiffiken baya ya fara gaba da na ƙasa, kaɗan, amma a fili. Mai idon wata ne. Mutumin da yake son sanin haka yana Kanada, kuma ba zan iya gaya masa ba.

Sannan na kama cokalin. Wannan karon ya fito ba gardama. Na sa babban yatsa na buɗe bakin, na juya shi wajen rana.

Suna nan. Ƙanana, masu tsini, a jere a kan harshen, sun ɗan karkata ciki. Na taɓa, suka kama fatar yatsana.

Na tuna wata rana a bakin kogi, ina yaro. Baba ya buɗe bakin wani kifi yana nuna wa ƙanina harshensa, ya ɗaga murya yadda ya saba, ya ce irin waɗannan gidansu ɗaya ko da ba su yi kama ba. Ina bayansu, kan ƙanina ya tare min. Na ji maganar, ban ga kifin ba. Na yi ta ƙoƙarin tuno wanne ne a kan rufin nan, da kifin Kanada a hannuna, abin bai zo ba. Ƙanin nawa kuwa ya riga Baba tafiya da daɗewa.

A nan kukan ya zo. Ba wanda ya ce min in yi haƙuri. Kawu ya juya yana hura wuta da kwali. Bakano ya karɓi wayata, ya ce in riƙe bakin da kyau, ya ɗauki hoton harshen, ya duba ya ce bai fito ba, ya sake ɗauka.

Na fede shi na wanke da gishiri. A cikinsa na ga ɓaraguzan fukafukan ƙwari. Na tokare bakin da tsinken ashana don kar ya rufe, na ɗora shi a raga. Hayaƙi ya tashi sosai, fiye da yadda kifi ɗaya yake bukata. Ba a jima ba haris, mai gadin benen, ya hawo da gudu da tukunyar kashe gobara. Ya tarar da maza shida sun kewaye rabin ganga. Ya leƙa ciki. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Shi ke nan duka?"

Kawu ya ce shi ke nan.

"Ku shida?"

Bakano ya ce, "Ai ba ma ci za mu yi ba."

Haris ya ajiye tukunyar. Ya ce in abinci ne ya yanke mana mu faɗa, matarsa ta dafa shinkafa. Muka yi godiya. Ya sauka yana waiwaye, bayan sallah kuma sai ga tire an aiko.

Hayaƙin ya ci farin jikin. Kifin da yake ƙyalli kamar silba ya koma ruwan ƙasa, kamar kowace banda a kasuwar Yawuri. Idon ma ya motse ya faɗa ciki. In yanzu ka gan shi ba za ka ce yana da alaƙa da wata ba. Haƙoran ne kawai suka rage yadda suke. Bakano ya sami cokalinsa, ya wanke da omo har sau nawa, ya ajiye a kan taga. Ba wanda yake shan shayi da shi.

Na kira ƙanwata na gaya mata an samo sunan. Na faɗa mata da Hausa. Ta maimaita, ta ce suna mai daɗi. Sannan ta ce, "Amma Yaya, ai ba sunansa Baba ya ce zai faɗa ba. Danginsa ya ce." Na ce haka ne. Ta ce wayar Baba tana cikin kayansa, ba a raba ba tukuna, takan yi mata caji, ko da zan so in tura hoton can.

Kifin yana rataye a ƙusa a saman katifata, a cikin ragar albasa, da tsinken ashana a bakinsa. In ya fara laushi Kawu yakan tuna min mu hau sama mu ƙara masa hayaƙi. Sababbin zuwa ɗakin sukan tambaya, Bakano ne yake musu bayani, kuma yana ƙarewa da cewa wanda ya taɓa zai gamu da walda.

Ba a ci shi ba. Hoton harshen yana cikin wayata, ban tura ba, kuma har yau ban san ko ɗan wane ne ba.